Ciwon suga ne ke kawo tarin fuka, ko hanya kawai yake share masa?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, kuma nakan fassara takardun wayar da kai daga Turanci don mu karanta wa mata ranar awo. Akwai kalmar da take ba ni wahala, wato predispose. Na ci karo da ita a wata takarda da ke magana kan ciwon suga da tarin fuka, sai na fassara jimlar da cewa 'ciwon suga yana kawo tarin fuka'. Nan take wata dattijuwa ta ce mini mijinta ya shekara 20 da suga, ko tari bai taɓa damunsa ba. Na rasa abin da zan ce mata. Wane aikatau ne a Hausa yake ɗaukar wannan ma'ana, kuma yaya ake amfani da shi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka wa dattijuwar nan da alheri, don gyaran da ta yi miki ba kowane edita ne zai lura da shi ba. In na fahimce ki, abin da kike nema shi ne yadda za ki ce wani abu ya bar mutum a halin da wani abu dabam zai same shi ba wuya, ba tare da kin ɗora wa na farkon laifin kawo na biyun ba. Na daɗe ina fassara saƙonnin lafiya don rediyo da takardun da ake rabawa a asibitoci, kuma wannan kalma tana cikin waɗanda na fi ganin sabbin masu fassara suna tuntuɓe a kansu. Tun daga farko in gaya miki, kada ki ɓata lokaci wajen neman aikatau guda da za ki riƙa dasawa duk inda kika gan ta. Hausa raba aikin take yi tsakanin kalma biyu ko uku, kuma sau da yawa wadda ke ɗauke da nauyin ma'anar wata 'yar kalma ce da ke bayan aikatau ɗin, irin wadda mai gaggawa kan yar a hanya.

Ita kalmar Turancin daga Latin aka gina ta. Gaɓarta ta farko tana nufin "kafin", ragowar kuma tsarawa ko shiryawa. Ke nan asalin ma'anarta a shirya mutum tun kafin abu ya zo. A Turanci mutum ne ke zama karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa, sai 'yar kalmar nan "to" ta biyo baya, sannan sunan cutar ko aikin da ake magana a kai. Likitoci suna amfani da ita kan jiki, sauran marubuta kuma kan zuciya da ra'ayi. Ko ta wace fuska aka zo, abu uku ne a cikinta. Abin da ake magana a kai ya riga zuwa. Shi kaɗai ba ya isa, sai wani abu ya zo ya tarar da shi. Kuma ana iya ƙare rayuwa wancan abin bai zo ba. Fassararki ta riƙe na farko, ta zubar da sauran biyun, shi ya sa dattijuwa ta samu inda za ta kama ki.

Duba yadda abin yake a tarin fuka. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda Robert Koch, wani likita Bajamushe, ya gano a 1882, kuma ta iska take bi daga mai tari zuwa wanda ke kusa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsu, amma 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai daga cikinsu ciwon kan tashi musu a tsawon rayuwa. Sauran kuwa, garkuwar jikinsu ta danne ta. Ciwon suga aikinsa a nan shi ne rage wa garkuwar ƙarfi, har mai shi ya ninka wanda ba shi da shi sau 2 zuwa 3 wajen yiwuwar ciwon ya tashi. Mijin dattijuwa ko dai ƙwayar ba ta taɓa shiga jikinsa ba, ko ta shiga jikin ya riƙe ta. Hausawa sun daɗe da wannan tunani, shi ne suke cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Suga tsagewar bango ce. In ba ƙadangare a unguwar, bangon zai shekara 20 a tsage ba abin da ya shiga.

Af, tun da maganar ta zo, ki riƙa ƙara "tibi" bayan "tarin fuka" in kina karantawa. A bakin mutane da yawa fuka ita ce asma, kuma na sha jin an ɗauki saƙon wannan an kai wa wancan.

"Sa" da abin da ke biye da shi

Aikatau ɗin da za ki fi buƙata shi ne "sa", ko 'yan uwansa "sanya" da "saka". Amma shi "sa" ba ya da tausayi in aka bar shi tsirara. In kika ce albasa tana sa hawaye, ko gishiri yana sa ƙishirwa, mai sauraro ya san duk wanda ya yanka ko ya ci, abin zai same shi. Haka in kika ce "suga yana sa tarin fuka", ba ki rabu da "yana kawo" ba, riga kawai kika sauya masa.

Abin da ke gyara shi shi ne ki sa kalmar hali tsakaninsa da sunan cutar. Wadda ta fi zama a kunnen Bahaushe ita ce "sauri". Ki ce "ciwon suga yana sa mutum saurin kamuwa da tarin fuka", ko ki buɗa ta ki ce "yana sa mutum ya yi saurin kamuwa". Wani zai ce ai sauri maganar lokaci ce. Ba koyaushe ba. In aka ce wane yana da saurin fushi, ko yarinyar nan tana da saurin kuka, ba agogo ake dubawa ba, hali ake faɗa: abu kaɗan ya isa ya tayar da shi. Wannan "sauri" na hali shi ne muke arowa. Mai saurin fushi yana iya wuni bai yi fushi ba in ba wanda ya taɓa shi, kuma kowa ya san haka ba sai an yi bayani ba.

Wasu masu fassara sun fi son "sauƙin kamuwa". Ba kuskure ba ne, amma ni ina kauce masa a bakin asibiti. Can "sauƙi" kalmar warkewa ce. "Ya jiki?" "Da sauƙi." In mace ta ji sauƙi da tari a jimla ɗaya tana cikin rarrashin yaro, ba ki da tabbacin abin da ta kwasa ta tafi gida da shi.

Ki lura da abin da ke faruwa bayan "sa" in jimla ce ta biyo. "Ya sa na tafi" yana nufin tafiyar ta auku. "Ya sa in tafi" umarni ne aka bayar, tafiyar kuwa wataƙila an yi, wataƙila ba a yi ba. Don haka in kina ba da labarin wani mara lafiya kika ce "suga ta sa ya kamu da tibi", kin yanke hukunci kan abin da ya riga ya faru, kin kuma ɗora shi kan suga. Likita mai taka-tsantsan zai fi son ki ce "da ma yana da suga, shi ya sa tibin bai sha wuyar kama shi ba". Wannan "da ma" ita ce ke ɗauke da ma'anar "tun kafin" da ke gaban kalmar Turancin. A rubutu ki raba ta biyu, don kada ta rikiɗe ta koma "dama" ta samun zarafi ko ta hannun dama. Abokan aikinta su ne "riga" da "tun": "jikin ya riga ya yi rauni", "tun yana yaro yake da laulayi".

Akwai wasu kalmomi biyu da ake cusawa don rage kaifin "sa", kuma ana ɗaukar duk abu ɗaya suke faɗa da "sauri". Ba haka ba ne. "Yakan sa" magana ce ta yawan aukuwa, wato abin ya saba faruwa. "Yana iya sa" magana ce ta yiwuwa, kuma har yanzu suga ce ake zargi da aikin, an dai ce ba kullum take yi ba. Duk biyun sun fi "yana kawo" dama-dama, amma ba wanda ya gaya wa mai sauraro cewa akwai wani abu dabam, wato ƙwayar cuta, da ke yin ainihin ɓarnar. In ba wuri a takarda kuma dole ki zaɓi gajeriyar hanya, "yana iya" ya fi "yakan" aminci, don "yakan" yana sa a zaci yawancin masu suga suna kamuwa, alhali ba haka lissafin yake ba.

Jimlar da na fi yarda da ita duka ita ce ta kwatanci: "mai ciwon suga ya fi wanda ba shi da shi saurin kamuwa da tarin fuka." A nan ma ba "sa" ko ɗaya. "Fi" ne ya yi aikin. Dalilin da ya sa nake fifita ta shi ne haka likitoci suke gano abin tun asali, mutane kashi biyu suke dubawa su ga wane kashi ya fi kamuwa. Jimlar ta faɗi abin da aka gani, ba ƙari, kuma ta bar wa mijin dattijuwa wurin zama. In za ki ambaci ninki, ki ba da misali da lamba ki kuma ce misali ne. Ki ce a ƙaddara mutum 2 cikin 100 ne ke kamuwa a wani gari, ninki uku shi ne 6 cikin 100, saura 94 suna nan lafiya lau. Kalmar "ninki" ita kaɗai tana firgita mutane fiye da yadda ya kamata.

In kuma hira kike yi da bakinki, ba takarda kike karantawa ba, maganar gida ta fi duk waɗannan: "mai suga ba wuya tibi ya kama shi", "abu kaɗan sai ya kwanta", "jikinsa ba ya da ƙarfin ture cuta". "Ba wuya" ɗin nan ban taɓa ganin wanda ya kasa gane ta ba.

Kalmomin da suka yi nauyi

"Haddasa", "haifar da", "jawo", "kawo", "sabbaba", duk na sanadi ne kai tsaye. "Haddasa" ta fi su zafi, ita ce ta gobara da rikici da asarar rayuka. "Jawo" tana ɗauke da ɗan zargi, musamman in ta zo da "wa": "ya jawo wa kansa". Ki yi hattara da ita a gaban marasa lafiya, don mai ciwo ba ya buƙatar a ƙara masa da cewa shi ya kira abin. "Gadar da" kuma, irin ta bakin masu wa'azi, tana nuna abin da ke zuwa a hankali bayan lokaci, amma ita ma tabbaci take bayarwa.

Sai "haɗari", wadda gidajen rediyo suka mayar abincin yau da kullum: "yana ƙara haɗarin kamuwa", "yana jefa mutum cikin haɗarin kamuwa". Daidai ne, kuma ina amfani da ita a rubutun da 'yan boko za su karanta. Matsalarta biyu. In aka buga ba ƙugiya a kan ɗ, ta koma hadarin ruwan sama. Sannan tana cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata ma'aikaciyar lafiya ta raba. Misalin sanƙarau zai fito da wannan.

Kowa a Arewa ya taso yana jin cewa zafi ke kawo sanƙarau. Mutane ba ƙarya suka yi ba a abin da suka gani, don annobar takan taso ne da rani ta lafa in damina ta sauka, a duk faɗin yankin da ya taso daga Senegal har Habasha. Ta 1996 ita ce wadda ba a mantawa a Najeriya, inda fiye da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu. Amma ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma mutane da yawa suna ɗauke da ita a maƙogwaro ba tare da ta yi musu komai ba. Busasshiyar iska da ƙura suna raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta samu hanyar kutsawa cikin jini. Wannan shi ne ainihin ma'anar kalmar da kika tambaya: ƙura ta share wa cuta hanya. Cunkoso a ɗaki mara taga kuwa wani aiki ne dabam yake yi, shi haɗa mutum yake yi da ƙwayar, ya ɗauko ta daga wani ya kai masa. Ɗaya ya tsaga bango, ɗaya ya kawo ƙadangare. In kika ce duk biyun "suna ƙara haɗari", ba ki yi kuskure ba, amma kin rufe bambancin da shawara take tsayawa a kai. Don na farko ki ce "yana raunana jiki", "yana buɗe wa cuta ƙofa", "yana share mata hanya". Don na biyu ki ce "yana sa a ɗauki cutar daga juna", "yana sa ta yaɗu".

Haka tamowa take ga yara. Ba ita ke kawo ƙyanda ba, amma yaro mai tamowa in ƙyanda ta kama shi ta fi yi masa mugun kamu. A nan ma wani reshe ne: ba saurin kamuwa kaɗai ba, har da tsananin ciwo bayan an kamu. Ki duba takardar Turancin da kyau ki ga wanne take nufi kafin ki zaɓi "ya fi saurin kamuwa" ko "ya fi shan wuya in ya kamu".

Na taɓa yin irin kuskurenki, kuma nawa ya fi muni. Wani shiri muka fassara kan yoyon fitsari, muka rubuta cewa haihuwa da ƙarancin shekaru tana haddasa shi. Da aka buɗe layin waya, kusan duk wanda ya kira kakarsa ko uwarsa yake kawowa shaida: an yi mata aure tana ƙarama, ta haifi goma, lafiyarta ƙalau. Shirin ya koma musu, saƙon ya ɓace. Alhali abin da ke kawo yoyon fitsari mafi yawa shi ne doguwar naƙuda, kan jariri ya tokare ya daɗe yana danne nama har ya mutu ya huje. Ƙarancin shekaru yana cikin abubuwan da ke sa naƙuda ta fi saurin tokarewa, saboda ƙugu bai gama buɗewa ba. Da muka sake shirin muka ce yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba ta fi shiga doguwar naƙuda, don haka kada a bar ta ta kwana tana naƙuda a gida, ba wanda ya kira da maganar kakarsa. Gaskiyar ɗaya ce, aikatau ne ya sauya.

In maganar zuciya ce

Ɓangare na biyu na kalmar, wanda ya shafi ra'ayi da hali, a nan Hausa tana da aikatau da ya kusa cika ma'anar shi kaɗai: "karkatar da". Asalinsa "karkata", abin da ya bar tsaye ya jingina gefe guda amma bai faɗi ba. Hoton ya dace sosai, don wanda zuciyarsa ta karkata bai yanke shawara ba tukuna, sai dai in aka taɓa shi an san gefen da zai faɗa. A tsarin da F. W. Parsons, wani Bature masanin nahawun Hausa, ya fitar a 1960, wanda ya kasa aikatan Hausa aji 7 kuma har yau ake koyar da shi a jami'o'i, "karkatar da" ɗan aji na biyar ne, masu ƙarewa da -ar, kamar "sanar da", "kusantar da", "kwaɗaitar da". Ƙa'idarsu ita ce "da" tana shiga kafin karɓau, kuma wakilin sunan da ke bin ta mai zaman kansa ne: karkatar da shi, da ita, da su. In akwai wanda aka yi wa, sai ya shiga tsakani: "ya karkatar masa da hankali". Inda aka karkata kuwa "ga" ko "zuwa ga" ko "wajen" ke nuna shi. "Tasowa a gidan malamai ta karkatar da shi ga karatu." "Abin da alƙali ya ji kafin zama ya riga ya karkatar da zuciyarsa wajen mai ƙara."

Kada ki kai shi ɗakin jinya. "Suga tana karkatar da mutum ga tarin fuka" na taɓa ganinta a rubuce, kuma duk Bahaushen da ya ji zai zaci mai suga sha'awar tari yake yi. Karkata ta zuciya ce da hankali da ra'ayi.

Kada kuma ki musanya shi da "zuga", "tunzura", "ingiza" ko "harzuƙa". Waɗannan suna buƙatar mai yi da niyya, kuma a kusa da aikin suke zuwa. Karin maganar nan ta mai neman kuka da aka jefa da kashin awaki ta raba su sarai. Jifan shi ne tunzurawa. Neman kukan da ke nan tun kafin a ɗauki kashin awakin, shi ne abin da kalmarki take nufi. Wanda ya fassara ta da "tunzura" ya ba jifa sunan neman kuka.

Akwai kuma wata dabara da Hausa ke da ita wadda masu fassara ba su cika tunawa da ita ba, wato aikatau ɗan aji na bakwai, mai ƙarewa da -u: kamu, zugu, ruɗu, gyaru, tanƙwaru. In ya zo a sigar ci gaba yana nuna ko abu yana karɓar aikin ko ba ya karɓa. "Motar nan ba ta gyaruwa." "Yaron nan ba ya tanƙwaruwa." "Wane yana zuguwa." Ke nan ita kanta "kamuwa" da muke ta amfani da ita tana ɗauke da wannan ƙamshi tun daga gininta. Haɗa shi da "sa" da "sauri" sai ki samu jimla mai kyau a fagen hali: "zaman banza yana sa matasa saurin zuguwa", "talauci yana sa mutum saurin ruɗuwa da alkawarin 'yan damfara". Kwatanta ta farko da "zaman banza yana tunzura matasa". Waccan ta bar wuri ga mai zugar, wannan ta wanke shi.

Sauran hanyoyin na yau da kullum ne, kin san su: "ya sa masa son karatu", "ta sabar masa da tashin asuba", "an hure masa kunne tun kafin in iso". Ki lura cewa a fagen zuciya abin yana iya zama alheri ko akasinsa, amma a fagen jiki kusan kullum cuta ake nufi. Ba a cewa abinci mai kyau yana sa saurin kamuwa da lafiya.

Gado

Inda za ki fi shan tambaya ranar awo shi ne in takarda ta ce abin na gado ne. Bahaushe in ya ji "ciwon gado" ya gama, ya ɗauka ba makawa, tun da barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Dole ki raba masa gado biyu. Sikila ita kanta ake gada: yaron da ya karɓi ƙwayar halittar sikila, wadda ake kira S, daga uwa da kuma daga uba yana da ita, kuma in iyaye duka AS ne, wato kowannensu yana da S ɗaya da lafiyayyar A ɗaya, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. A nan "ya gaji ciwon" daidai ne. Hawan jini da ciwon suga irin na manya kuwa, yawanci ba su ake gada kai tsaye ba, saurin samunsu ake gada, sannan ƙiba da abinci da shekaru da rashin motsa jiki su zo su cika. Ki ce "akwai shi a danginsu, don haka ya fi wani saurin samunsa". Ki lura na ce "samu". "Kamuwa da hawan jini" ya zauna a bakin 'yan jarida, amma na ga tsofaffi suna jin "kamu" su tambaya ko ana ɗauka a kwanon abinci.

Sikila tana ba da misalin kishiyar kalmar ma. Mai AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. In kika ce AS "yana hana" zazzaɓi, kin yi kuskuren farko ta baya, don "hana" da "kawo" nauyinsu ɗaya. Mai AS yana yin zazzaɓi, kuma dole ya kwana a gidan sauro kamar kowa. "Yana rage tsanani" shi ne daidai.

Ni mai fassara ne, ba likita ba, don haka in takarda ta rikice miki ko saurin kamuwa take nufi ko tsananin ciwo, likitan da kuke aiki da shi ne zai warware, sannan ki zo ga zaɓen kalma. Kunnena kuma na Hausar Kano ne. In kina aiki a Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi, ki karanta jimlar ga mata biyu ko uku na garin kafin ranar awo, ki ce su maimaita miki da bakinsu. Abin da nake yi ke nan har yau, kuma in na ji sun mayar mini da "wato yana kawo", na san sai na sake zama.

Game da dattijuwarki, in ta dawo ki fara da ba ta gaskiyarta, ki ce Baba, maganarki haka take, suga ba ta kawo tibi, ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Sannan ki ce abin da suga ke yi shi ne rage wa jiki ƙarfi, shi ya sa mai suga ya fi wanda ba shi da ita saurin kamuwa in ya zauna kusa da mai tarin. Ki roƙe ta in maigidan ya yi tarin da ya kai mako 2 bai tafi ba, ko yana gumin dare, ko yana ramewa ba dalili, ta kawo shi a gwada majinarsa.